Ranar da Neville Gozzard Ya Tono Asalinsa

A ƙauyenmu na Wrangthorpe, can cikin fadamun Lincolnshire inda ƙasa take shimfiɗe kamar faifai, babu wanda ya kama ƙafar mijin yayata, Neville Gozzard, wajen cika baki. Direban bas ne da ya yi ritaya, amma in ka zauna kusa da shi a mashayar gari sai ka rantse jirgin yaƙi ya tuƙa. Shi ne ya taɓa tsayar da bas da tafin ƙafa ranar da birki ya tsinke. Shi ne ya koya wa likitan gari ɗaurin karaya. Kifin da ya kama a kogin bayan coci kuwa kullum ƙara tsawo yake, har ya kai yanzu in za a shimfiɗa shi sai an rufe hanya.

Ni ne Clive, ƙanin matarsa Beryl. Saboda haka ni ke da izinin tsokanarsa, ni ake kuma fara kira in ya ɓallo ruwa.

Duk cikin abubuwan da yake tinƙaho da su babu kamar sunan gidansu. Ka kewaye gundumar nan kaf, ba za ka sami wani Gozzard ba sai shi. 'Ya ɗaya Allah ya ba shi, Verity, ta auri Dale ɗan gidan Stan Hoggard manomi, ga shi kuma ta yi nauyi, haihuwa yau ko gobe. A nan jariri sunan gidan uba yake ɗauka, sai fa in iyayen sun ga damar yin wani abu dabam. Neville ya duba gaba ya duba baya, ya ga in ya kwanta dama sunan ya bi shi kabari. Abin ya hana shi sakat.

Wata ranar Juma'a da yamma ya tare Stan a mashaya, ya ce, "Suruki, magana ce ta gaskiya. Yaron nan da ke tafe, Gozzard za a kira shi."

Stan ya ajiye kofinsa a hankali. "To. Ɗana mutuwa ya yi ban ji ba?"

"Ba maganar mutuwa ba ce, maganar jini ce. Ku Hoggard kuna nan birjik kamar kabeji. Mu kuwa ɗaya ne tamkar da dubu. Ka san daga ina sunanmu ya fito? Kakanmu jarumi ne Bafaranshe, de Gossard. Ya ƙetaro teku tare da rundunar da ta ci Ingila da yaƙi, sanye da sulke, da hoton suwan a garkuwarsa, tsuntsun sarakai. Shi ya fara sa ƙafa a tudu."

Na ce, "Mijin Yaya, bara ai cewa ka yi ɗan Denmark ne."

"Ta Denmark ya biyo. Kai yi mana shiru, manya na magana."

Stan ya yi dariya har da buga tebur. "Kawo shaida. In ka tsaya gaban mutanen garin nan ka nuna sunanku ya fi namu asali, ni da bakina zan roƙi Dale ya bar maka jikan. In ka kasa, kada in ƙara jin ko tarinka a kan maganar."

Aka tafa, mashaya duka shaida. Neville ya hau kan kujera ya yi shela: ranar bikin gari na shekara zai tara duk wani Gozzard da ke doron ƙasa, daga Kanada har Ostareliya. Zai kawo masaniyar sunaye daga jami'a ta yi bayani a lasifika. Shi da kansa kuma zai iso ta kogi cikin sulke, da tsuntsayen sarauta suna take masa baya, kamar yadda kakansa ya yi. Yana saukowa ƙafar kujerar ta karye, ya ce da ma ya lura ba ta da ƙwari, gwada ta ya yi.

Da muka isa gida ya faɗa wa Beryl. Ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Baban Verity, mutum nawa zan yi wa girki?"

"Ki sa ran ɗaruruwa."

"Ɗaruruwan da ba su taɓa aiko mana ko katin Kirsimeti ba?"

"Ba su san inda hedikwata take ba ne. Yanzu za su sani."

Verity ta zo washegari, tana tafe tana dafa ƙugu. Ta ce, "Baba, ni fa ba wanda ya tambaye ni. Ni ke ɗauke da kayan, ku kuna ciniki a mashaya."

Ya ce, "Don ke nake yi, 'yar nan. Wata rana za ki gode mini."

"Allah ya kai mu, Baba. Amma kada ka shiga ruwa, ka san ba ka iya iyo ba."

"Ni? Ni da na taɓa..."

"Mun ji wannan, Baba."

Daga nan wayar gidan ba ta ƙara hutawa ba. Ya bi duniya da kira. Wani tsoho a Ostareliya ya zage shi tas don ya tashe shi daga barci. Wata a Kanada ta ɗauka talla yake, ta ce tana da injin shara, ba ta buƙatar wani. Duk wanda ya ajiye masa waya sai ya juyo ya ce mana, "Wannan ma ya yi alkawari. Murna ce ta hana shi magana."

Ina wurin ranar da ya kira masaniyar, Dakta Harriet Ellwood. Na ji muryarta tana cewa, "Gozzard? Kai, na ji daɗi, da wuya nake cin karo da shi. Tsohon suna ne sosai, sai dai ya kamata in faɗa maka tun yanzu cewa..."

"Na sani, Malama, na sani! Kada ki ɓata mana daɗin abin. Ki adana shi sai gaban jama'a."

"Ka tabbata? Domin ma'anarsa..."

"Komai na sani. Ki dai ɗaga murya ranar, akwai wani kurman manomi da nake so ya ji da kyau." Ya kashe waya, ya ɗaga mini gira.

Sai maganar sulke. Ya ce na haya na 'yan wasan yara ne, shi na ƙarfe na gaske zai sa. Ya ciro tsohon tankin ruwan zafi daga bayan gida, ya kai wa mai walda ya tsaga shi biyu, gaba da baya, aka sa masa maɗauri. Kwalkwali kuma, tun da babu wanda ya yi daidai da kansa, sai ya ɗauke tukunyar tagullar da Beryl take dafa jam, wato zaƙin 'ya'yan itace na shafa wa burodi, a ciki, gadon mahaifiyarmu, ya kifa a kai don gwaji. Ta shiga sumul. Fitowa ce ta gagara.

Beryl ta leƙo ta katanga ta kira ni. Na tarar da shi a tsakiyar lambu yana juyi kamar tunkiyar da ta sa kai a tulu, maƙwabta sun jeru a shinge kowa da kofin shayinsa.

Muryarsa ta fito daga cikin tukunya kamar daga rijiya: "Kada kowa ya tada hankali. Gwajin ƙarfinta nake yi."

Wata tsohuwar maƙwabciya ta ce, "Beryl, bana jam ɗin kan mutum za ki yi mana?"

Beryl ta ce, "Ina! Wannan kan babu komai a ciki, ba zai yi kauri ba."

Ta shafe masa wuya da kunnuwa da man shanu, na riƙe ƙafafu, mai kawo madara ya kama hannun tukunya. Muka ja, muka ja, sai ji muka yi fus! Mai madara ya faɗa cikin kabeji, Neville ya fito da kunnuwa jajur kamar gauta. Bai ko numfasa ba ya ce, "Kun gani? Kan jarumai ne. Ba kowane kwalkwali ke ɗaukarsa ba." A ƙarshe ya koma kan bokitin gawayi, aka yanke masa tagar ido.

Saura tsuntsayen sarauta. Akwai suwan biyu da ke zaune a kogin, farare ƙal, masu wuya kamar lauje. Neville ya ce shi tun yana yaro tsuntsaye ke jin maganarsa. Ya ɗauki burodi da bargon Beryl, ya ce in tsaya a gada in ga aiki. Abin da bai sani ba, macen tana kan ƙwai. Ya matsa yana cewa, "Zo nan, ɗan'uwa, jininmu ɗaya." Namijin ya buɗe fukafukai kamar ƙofar gareji, ya yi huci, ya rufe shi da duka. Neville ya jefar da bargo ya ranta a na kare, tsuntsun na biye da shi yana saran bayan wandonsa, har cikin maƙabartar coci, inda fasto ke tsaye da wasu baƙi yana nuna musu tsofaffin duwatsu.

Fasto ya ce, "Malam Gozzard, lafiya?"

Neville, daga bayan wani kabari, ya ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe. Horar da shi nake."

Labari ya riga mu isa mashaya. Stan ya zo da fuskar tausayi, irin ta kura a gidan makoki. Ya ce, "Suruki, abin bai yi mini daɗi ba. Amma ai ɗan'uwa rabin jiki. Ina da dinyoyi farare a gona, garke guda. Daga nesa wa zai bambanta dinya da suwan? Wuya ne dai da fari. Na ba ka aro."

Na taka ƙafar Neville a ƙarƙashin tebur. Ya ture ni, ya ce, "Ka ga mutum ya fara saduda tun kafin a shiga fili. Kawo su."

Dinyoyin Stan duk garin an san su. Sun kori ɗan sanda, sun kori mai kawo wasiƙa, akwai wani toro a cikinsu da ya taɓa yaga wa Stan kansa riga. Kowa ya zuba ido ya ga yadda za su yi kaca-kaca da Neville. Abin mamaki, ana sauke su a lambu toron ya tako, ya dubi Neville sama da ƙasa, ya ɗora kai a gwiwarsa. Sauran suka kewaye shi suna gurnani a hankali kamar sun ga uwarsu.

Tun daga ranar bai ƙara taka ko'ina shi kaɗai ba. In ya tafi sayen jarida suna bayansa a jere. In ya shiga gidan waya su tsaya a ƙofa, ba mai shiga ba mai fita. Ranar Lahadi suka bi shi coci, ana tsakiyar waƙa suka karɓi amshi, har mai kiɗan molo ta ɓata layi. Fasto ya roƙe shi, don girman Allah, ya riƙa yin ibadarsa daga gida har biki ya wuce.

Neville kuwa ƙirji ya ƙara fitowa. "Kun ga kwarjini? Dabba ma ta san basarake."

Ana gobe biki aka kafa ƙaton tanti a filin gari. Beryl da matan unguwa sun toya burodin zabibi har ya cika tebura, ga cuku, ga tulunan shayi. Neville ya ɗaura tutar da ya zana da hannunsa. Ya ce suwan ne. Mai madara ya ce shi buta yake gani. Muka tafi tashar jirgin ƙasa tarbar ɗaruruwan Gozzard, ya sa an kawo bas guda cur.

Jirgi ya tsaya, ya tashi. Mutum ɗaya ta rage a dandamali: wata dattijuwa baƙa, doguwa, da hular coci mai fure da akwati ja. Neville ya riƙa leƙen bayanta yana neman zuri'a.

Ta ce, "Kai ne mai yawan surutu a waya?"

"Ni ne Neville Gozzard, shugaban..."

"Eudine Gozzard, daga Barbados. Da ma zan zo ganin ɗana a Leicester, na ce bari in biyo in ga fuskar mutanen da muke yawo da sunansu."

Neville ya yi ɗan turus, sannan ya ware hannuwa. "'Yar'uwa! Wato ku ne reshen da ya ci tsibirai da yaƙi!"

Ta dube shi kamar malamar makaranta. "Mu ne reshen da ya sari rake, ɗan'uwa. Wani Gozzard ne ya zo daga nan ya zama mai tsaron gandu, ya liƙa wa kakannina sunansa, bai kuma tambaye su ko suna so ba. Amma mun wanke shi, mun goge shi, yanzu namu ne. A ƙauyenmu in ka ƙwala kiran Gozzard, rabin coci ne zai waiwayo. Ku nawa ne a nan?"

Na ce, "Shi kaɗai ne, Gwaggo."

"Ayya. Ashe mu ne hedikwatar."

Tun da nake da Neville ban taɓa ganin bakinsa a rufe daga tasha har gida ba sai ran nan. Ita kaɗai a cikin bas, ta zaɓi kujerar gaba. Suna haɗuwa da Beryl kuwa kamar sun shekara tare. Ta dubi cikin Verity, ta ce, "Ungozoma ce ni har na yi ritaya. 'Yata, wannan kayan ya sauka. Kada ki yi nisa da kujera."

Ranar biki gari ya cika maƙil. Ba Gozzard ba ne suka zo, mutanen ƙauyukan kewaye ne da suka ji labarin mai tukunya. 'Yan badujala suna busa, yara na yawo da alewa, Stan ya kafa kujerarsa a sahun gaba dab da bakin kogi. Dakta Ellwood ta iso, 'yar siririya mai fara'a, ta nemi ganin Neville ko na minti ɗaya ne kafin ta hau dandamali. Aka ce mata jarumi yana shiri, ba ya ganin kowa.

Mu kuwa muna can sama da gada, ni da shi da kwale-kwalen aro. Na ɗaure shi cikin tankinsa, na kifa masa bokiti. Ya riƙe murfin kwandon shara a matsayin garkuwa, da sandar labule a matsayin mashi. Yana shiga, kwale-kwalen ya nutse har saura ɗan yatsa ruwa ya shigo.

Na ce, "Mijin Yaya, zauna. In ka tashi mun tafi."

"Jarumi ba ya cin ƙasa a zaune. Tuƙa."

Dinyoyi suka biyo mu a ruwa, reras a layi. Gaskiya daga nesa abin ya yi kyau, har na fara tunanin ko wannan karon zai sha. Muryar Dakta ta fara isowa ta lasifika: tana bayanin yadda a zamanin da mutane ba su da sunan gida, sai daga baya aka riƙa kiran kowa da garinsa, ko sunan ubansa, ko sana'arsa.

Muka doso gada. Gadar nan gajeriya ce, yaro ma sai ya sunkuya. Na ce, "Duƙa!"

Cikin bokiti bai ji ba. Ya ce, "Me?"

"Na ce duƙa!"

"E, duka! Duka za su gani!" Ya ƙara miƙewa, ya ɗaga mashi.

Ƙarar da bokitin ya yi da ya gamu da gada, an ce har a ƙauyen gaba an ɗauka ƙararrawar coci ce. Bokiti ya juya, tagar ido ta koma ƙeya. Neville ya yi taga-taga, ya taka gefen kwale-kwale, muka kife gaba ɗaya. Allah ya taimaka ruwan wurin iyakarsa ƙugu, sauran duk taɓo ne. Na miƙe na kamo shi, ya fizge. "Sake ni! Haka kakana ya sauka!"

Ya fito daga ƙarƙashin gada a gaban dubban idanu, baƙi ƙirin da laka, ciyawar ruwa na reto a kafaɗa, tanki na zubar da ruwa ta ƙasa kamar famfo, ba ya ganin gabansa, yana dogara sandar labule. Ya hau tudu da rarrafe. Dinyoyi suka fito ɗaya bayan ɗaya, suka karkaɗe jiki, suka jeru a bayansa. In ya yi dama su yi dama, in ya yi hagu su yi hagu.

Dakta ba ta ga abin da ke faruwa ba, ta ba kogi baya. Ta ci gaba cikin murna: "To, sunan da ya tara mu yau yana cikin na sana'a. Babu ruwansa da Faransa, ɗan ƙasa ne tsantsa, daga kalmomi biyu na tsohon Turanci, ɗaya dinya, ɗaya makiyayi. Gozzard, wato makiyayin dinyoyi."

Toron ya miƙa wuya ya ce, "Gaak!"

Jama'a suka fashe. Mai busa ƙaho ya faɗo daga kan benci. Fasto ya cusa hankici a baki, kafaɗunsa na rawa. Stan kuwa ya zame daga kujera yana dukan ƙasa, hawaye shaɓe-shaɓe, yana cewa, "Makiyayin dinya! Wayyo cikina! Ga shi nan da garkensa! Suruki, ai ba ka buƙatar Dakta, shaidunka na bayanka!"

Na juya wa Neville bokitinsa, na cire. Ya dubi jama'a, ya dubi dinyoyi. Na ga idonsa ya sauka kan Verity, sai ya sunkuyar da kai. A nan na ji tausayinsa ya kama ni, domin duk haukan nan tsoro ne kawai na kada a manta da shi.

Sai Gwaggo Eudine ta miƙe, ta gyara hularta. Ba ta buƙatar lasifika. "Malama, tambaya. Wancan bawan Allah da ke birgima a ƙasa, sunansa Hoggard. Shi kuma fa?"

Dakta ta washe baki. "Kai, wannan ma ɗan'uwansa ne, ginin iri ɗaya. Hoggard, makiyayin aladu."

Dariyar Stan ta tsaya cak kamar an kashe rediyo. Dariyar da jama'a suka yi da farko wasa ce a kan wadda ta biyo baya. Neville ya ɗago kai a hankali, laka na ɗiga daga hancinsa, ya nuna Stan da sandar labule. "Aladu! Kun ji da kunnenku! Mu aƙalla namu suna da fukafukai!"

"Alade ya fi dinya daraja a kowace kasuwa!"

"Wa ya taɓa yin matashin kai da gashin alade?"

"Wa ya taɓa karya kumallo da naman dinya?"

Suka yi wa juna ca, hanci da hanci, ɗaya cikin tanki ɗaya cikin kwat ɗin Lahadi. Toron ya ga ana yi wa ubangidansa tsawa, ya zagayo ya kama Stan a inda ake zama. Stan ya yi tsalle ya faɗa kan teburin shayi.

Verity ta yi dariya, ta yi dariya, ta riƙe ciki, sai dariyar ta sauya murya. Ta ce, "Mama! Mama, ya zo!"

Neville ya yi ihu, "Kowa ya kauce! Ni direba ne, ni zan kai ta asibiti!" Ya ruga wajen motar Dale, ya cusa kai, tanki ya maƙale a ƙofa, ba shiga ba fita, ƙafafu na harbin iska. Ya toshe motar da kansa. Gwaggo Eudine ta taɓa cikin Verity, ta ce a kira motar asibiti, amma yaron nan ba zai jira kowa ba. Ta tuɓe hula, ta naɗe hannun riga, ta kori maza daga tanti. "Beryl, ruwan zafi da tawul. Kai mijin, riƙe mata hannu, in za ka suma ka suma waje. Ku kuma makiyaya biyu, in na ƙara jin muryar ɗayanku, da shi zan fara."

Mai walda ya zo ya ɓalle Neville daga mota. Suka zauna a kan ciyawa a ƙofar tanti, shi da Stan, ɗaya jiƙe da laka ɗaya jiƙe da shayi. Can Stan ya ciro 'yar kwalbarsa ta giya daga aljihu ya miƙa wa Neville ba tare da ya dube shi ba.

Motar asibiti na shigowa fili, kukan jariri na tashi. Mace ce, ƙatuwa, mai murya irin ta kakanta na wajen uwa.

Da aka bar su suka leƙa, Neville ya share hawaye da bayan hannu, ya ƙara shafa wa fuskarsa laka. Ya ce, "'Yar nan, to... wane suna?"

Verity ta ce, "Eudine. Wannan ba shawara ba ce."

Stan ya ce, "Na gida fa?"

"Ni da Dale mun gama magana tun kafin ku tafa a mashaya. Duka biyun za ta ɗauka. Da kun tambaya da an faɗa muku."

Suka dubi juna. Neville ya ce, "Wanne ne a gaba?"

Gwaggo Eudine ta nuna musu ƙofa da almakashi.

Bayan kwana biyu Stan ya zo da akori-kura ɗaukar dinyoyinsa. Ya kai su gona da safe, kafin azahar sun dawo a ƙafa, sun bi ta tsakiyar gari a jere sun shige lambun Beryl. Ya sake kwashewa, suka sake dawowa, wannan karon suka cinye mata kabeji tas. A na uku Stan ya ɗaga hannu ya ce ya bar wa jikarsa su, kakanta ya riƙa kula mata.

Beryl ta shiga ɗaki ta fito da sandar labulen nan, ta danƙa wa mijinta. "Ka tada duniya kana neman gado, to ga gado. Kogi da safe, gida da yamma. In na ƙara ganin ɗaya a lambuna, kai da su za ku kwana a waje."

Yanzu kowace safiya za ka gan shi a kan hanyar kogi, ƙirji a gaba, garke a baya. Dakta ta gaya masa cewa makiyayan zamanin da suna kora dinyoyi a ƙafa har manyan kasuwanni masu nisa, suna bi da su ta cikin kwalta da yashi don ƙafafunsu su yi takalmi. Kafin sati ya zagayo, kakan Neville ne ya ƙirƙiro dabarar, kuma fadar sarki kaɗai yake kai wa dinyoyinsa.

Jiya na gamu da shi a kan gada. Ya ɗaga sanda, dinyoyi suka tsaya cak. Ya sauke, suka ci gaba. Ya ce, "Clive, faɗi tsakaninka da Allah. Duk ƙasar nan akwai wanda ya kai ni iya wannan aiki?"

Tun da yayata ta kawo mana shi gida, ran nan ne kaɗai ya cika baki da abin da yake gaskiya.